Yadda Na Sa Matsafi Ya Jira Jarumi

Ni ɗan kifi ne. A Kasuwar Kifi ta Baga Road na tashi, kuma har gobe in na shiga taro sai wani ya ce yana jin ƙamshin banda. Amma in aka tambaye ni abin da na taɓa yi da nake bugun ƙirji da shi, ba cinikin kifi zan ambata ba. Wata doka ce da na ƙirƙiro a cikin wani wasa, a shekarun da hanyar tafki ta rufe muka wayi gari rumfunanmu babu ko ƙaya. Ku yi dariya in kun ga dama. Matata ma ta yi har ta gaji.

A lokacin muna fitowa kasuwa ne kawai don kada zaman gida ya kashe mu. Mu share rumfa, mu zauna a kan kwalayen da babu komai a ciki, mu yi ta kallon titi. Da la'asar ta yi kowa ya kama hanya, don kada dokar hana fita ta riske shi a waje.

Yayana direban babbar mota ne, shi ke ɗauko mana kifi daga bakin tafki. Mutum ne mai baki, in ya yi dariya a layinmu sai an ji shi a layin masu tarwaɗa. Wata rana yaran daji, 'yan tayar da ƙayar bayan nan, suka tare shi da yaron motarsa a hanya. Ya bar motar tana ci da wuta, ya shigo gari da ƙafa bayan kwanaki, leɓɓansa duk sun tsage. Yaron motarsa bai dawo ba, har yau. Daga nan Yaya ya shiga ɗakinsa a gidanmu na unguwar Lamisula, ya ja ƙofa, ya rufe bakinsa. A kai masa tuwo, a dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Aka yi rubutu, aka yi addu'a, aka kai shi asibiti suka ce jikinsa lafiya lau. Ran nan Innarmu ta tare ni a zaure ta riƙe min riga.

"Ka fitar min da ɗana daga ɗakin nan," in ji ta. "Ko ɗaure shi za ka yi, ka fitar da shi. Ina kallo yana ƙarewa."

Haka na fara jan sa zuwa rumfa. Yana zuwa, ya zauna a kan kwali ya jingina da gini, idonsa a ƙasa. Jikinsa ne kawai ya bar ɗakin.

Muna da wani maƙwabci malamin makaranta, mutumin kudancin Borno, mai waƙa a cocinsu ran Lahadi. An rufe makarantarsu an zuba 'yan gudun hijira a azuzuwa, shi ma ya zama ɗan zaman rumfa. Shi ya kawo mana wasan. Ya ce a jami'a ya koya wurin wani abokin ɗakinsa. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ke faɗin gari da daji da abokan gaba. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai ɗige-ɗige, ita za ta ce ka ci ko ka faɗi. Malam ya dube ni ya ce ni zan riƙe labari, tunda bakina ba ya hutawa. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Muka baje kwali na zana daji da kogi da gawayi. Ran kowa kuma gyaɗa ce. A tara maka 'yan ƙwayoyi a gabanka, duk sanda aka sare ka a labari in ɗauki ɗaya in cinye, in sun ƙare ka mutu. Mai shayin layinmu, wani Babarbare mai tsaga har haɓa, ya ɗauki murfin kwalba ya ce shi maharbi ne. Wannan mutumin sau nawa yana cinye ransa da kansa yana hira, sai ya duba ya ga saura ɗaya ya fara rantsuwa an yi masa sata.

Da aka zo kan matsafi kowa ya janye. Mai shayi ya ce a'uzu billahi, ko a wasa ba zai yi tsafi ba. Malam ya yi dariya ya ce ai shi ma ba a yarda masa ba, amma tunda duk mun tsorata shi zai ɗauka, Allah ya san wasa ne. Ya ciro guntun alli daga aljihu ya ajiye.

"Saura jarumi," na ce, ban kalli kowa ba. "Mai takobi da garkuwa. In babu shi wasan ba ya yiwuwa."

Can sai na ji wani abu ya faɗo a kan kwalin, ƙwas. Notin taya ne, baƙi, ya sha hannu. Yana cikin aljihun Yaya ranar da ya bar motarsa, kuma tun daga ranar bai rabu da shi ba.

Na ce kura ta fito daga bayan kuka ta yo kansu. Na tambayi jarumi me zai yi.

"In sare ta," in ji Yaya.

Rabona da jin muryarsa a gaban mutane har na manta. Na miƙa masa ɗan lido, ya jefa, ya sare ta.

Makonnin da suka biyo baya sun yi daɗi. Yaya ya fara gardama, ya ce ba haka ake tsallake rami ba, ya ce dokin da na ba shi rago ne. Ranar da ya zagi mai shayi don ya harbe shi a baya bisa kuskure, na koma gida na gaya wa Inna, ta ɗaga hannu sama tana hamdala don ɗanta ya yi zagi. Kwanon tuwo ya fara dawowa wayam.

Sai matsala ta ɓullo daga cikin dokokin da Malam ya zo da su. A wasan, duk wanda ya daɗe bai mutu ba yana ƙara girma. Girman jarumi shi ne a ƙara masa gyaɗa, saransa ya ƙara nauyi, shi ke nan. Shi kuwa matsafi, tabɗi! Da farko ɗan haske kawai yake iya kunnawa, kura ɗaya ma sai ya ɓuya a bayan Yaya. Da ya girma sai ya koma kiran wuta daga sama, ya sa runduna guda barci, ya tashi sama kamar shirwa. In ɓata safiya guda ina shirya musu dodo mai kai bakwai, in kwatanta shi har mai shayi ya ajiye buta. Yaya ya ɗauki ɗan lido yana juya shi a tafin hannu, yana jiran a zo kansa. Malam ya ɗaga allinsa ya ce, "Na kira wuta." Dodo ya zama toka kafin noti ya matsa ko taku ɗaya.

Aka yi haka sau ɗaya, aka yi dariya. Aka sake, aka kuma. Ina lura da Yaya yana komawa jikin gini a hankali. Rannan bayan Malam ya ƙone wani gari guda na 'yan fashi, Yaya ya ajiye ɗan lidon da bai jefa ba tun safe, ya ɗauki notinsa ya sa a aljihu.

"Ku ci gaba," ya ce. "Ba ku da buƙatata a nan."

Washegari na ƙwanƙwasa ƙofarsa har hannuna ya yi zafi. Bai fito ba.

Na isa rumfa da wuta a kaina, na sauke ta a kan Malam. Na ce wane irin wasan banza ne wannan da mutum ɗaya zai cinye shi shi kaɗai? Ya ce haka dokar take ko'ina, farkon wasa na jarumi ne, ƙarshensa na matsafi, su ma a jami'a sun sha wannan rigimar ba su warware ba. Na ce to a kai dokar jami'a, nan Baga Road ne! Bawan Allah bai rama ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi ma bai yi barci ba, kuma in ina so zai riƙa yin kamar ya manta tsafinsa, ya bar wa Yaya faɗan. Na ce ina! Mutumin da ke jin ciwon inji tun daga nesa, shi za ka yi wa wannan wasan yara?

Duk da haka ni ma na gwada tawa dabarar mai arha. Na tsaya a bakin ƙofarsa na ce, "Yaya, an tono wani takobi a labarin nan, sara ɗaya mutum goma. Kai yake jira."

Sai na ji muryarsa daga ciki. "Ƙanena, sadaka ka fara ba ni?"

Kunya ta kama ni har ƙafa. Na juya na ga Inna a bakin murhu tana kallona, kwanon tuwonsa na gefenta a rufe.

A cikin kwanakin nan ne wani kwalin banda ya shigo kasuwa, ta wata doguwar hanya da ban ma tambaya ba. Muka taru a kansa kamar ba mu taɓa ganin kifi ba. Na ɗauki tarwaɗa ɗaya na juya ta, gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus, wutsiya kuma an yage ta. Ban san sanda na ce, "Wannan ba a tsare ta ba." Ina faɗa na tsaya cak da kifin a hannu.

Duk ɗan kifi ya san yadda ake banda. Na yi damina biyu a bakin tafki wurin kawuna ina saurayi. A jera kifi a kan ragar waya, a kunna hayaƙi a ƙasa, kuma ba abin gaggawa ba ne. Kawu shi ne gwanin hayaƙi, amma in ya durƙusa gaban wutar nan ba shi da ido ga komai. Ba ya ganin shirwa ta kawo sura, ba ya ganin kare ya lallaɓo ta baya. Dole wani ya tsaya a kansa da sanda daga fari har ƙarshe. In mai sandan ya matsa, duk gwanintar kawu ta tashi a banza. Kuma ban taɓa jin an ce ɗaya ya fi ɗaya a cikinsu ba.

Na ajiye kifin na ruga rumfa. Na ce, "Malam, daga yau tsafinka banda ne."

Na zayyana masa. Ban rage masa ko ƙwayar wuta ba, wutarsa na nan yadda take, ta cinye gari in ta ga dama. Amma ba za ta sauko nan take ba. Ƙaramin tsafi sai ya jira zagaye ɗaya, babba sai an zagayo kansa sau uku. Muddin yana haɗa shi ba ya motsi, ba ya kare kansa, kuma idonsa a rufe, ba a labari kaɗai ba, nan a kan kwali ma sai ya rufe. Ko ƙuda ya taɓa shi a labarin, tsafin ya lalace, ya koma farko. Jarumi kuma na ba shi abu ɗaya tak wanda babu mai shi sai shi: in ya ce "na tsaya" a wuri, babu abin da zai wuce ta nan sai in an kayar da shi.

Malam ya fara gardama, ya ce wannan ai ɗaure shi na yi. Na ce ƙwarai kuwa. Yana juya allinsa, sai na ga murmushi ya kama shi. Ya ce abokan ɗakinsa sun shekara suna faɗa a kan wannan, da sun zo kasuwar kifi da sun huta. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi min daɗi har yau.

Shi da kansa ya bi ni gida. Ya gaida Inna, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Yaya direba, ƙanen nan naka ya ɗaure ni tamau. Yanzu sai na rufe ido nake aiki, kuma ka san mai shayi ba abin dogaro ba ne, ransa ma cinyewa yake. In ba ka zo ba, gobe kura za ta yi kalaci da ni."

Ƙofa ta buɗe kaɗan. Yaya ya dube ni, ba Malam ba. "Wata sadakar ce?"

Na ce, "Yaya, na rantse, in ɗan lido ya ce ka mutu, zan cinye gyaɗarka har ta ƙarshe ina kallon idonka."

Da safe ya biyo ni.

Labarin da na shirya ranar ban yi nufin ya yi kama da komai ba, abin da ke cikin kawunanmu ne ya fito. Mutanen wani ƙauye ne a bakin kogi, mata da tsofaffi, ana haye da su a kwale-kwale kaɗan-kaɗan. Rundunar kuraye na tahowa, kuma hanya ɗaya ce, wata ƙaramar mashiga tsakanin duwatsu biyu. Malam ya ce zai kira babbar wuta. Ya ajiye allinsa a bakin ruwa, ya cire tabarau, ya rufe ido. Maharbin mai shayi ya yi harbi ɗaya ya kuskure, ya ce shi dai ya hau bishiya, Allah ya ba da sa'a.

Yaya ya ɗauki noti ya dangwara shi a tsakiyar mashigar. "Na tsaya."

Zagayen farko ya sare biyu, suka yage shi, na ci gyaɗa. Mutanen rumfunan kusa suka fara matsowa, har waɗanda a baya ke cewa caca muke yi. Zagaye na biyu ɗan lido ya juya masa baya, na ci, na sake ci. Malam, ido a rufe, gumi na bin goshinsa, ya ce, "Nawa suka rage masa? Ku gaya min mana!"

"Kada ka buɗe idonka, Malam," in ji Yaya. "Yi aikinka. Ina nan."

Saura ƙwaya ɗaya a gabansa, kuma sai kuraye sun sake kawo hari sau ɗaya kafin a zo kan Malam. Tsoro ya kama ni. Na ce, "Yaya, akwai wuri a kwale-kwalen ƙarshe. Doka ta yarda ka ja da baya."

"Ban ji ba. Jefa."

Na jefa wa kuraye. Ɗan lidon ya yi tsalle daga kan kwali ya gangara ƙarƙashin ƙafata. Na leƙa, shida ce. Ni kaɗai na gani. Da na ce ɗaya ce, babu mai ƙaryata ni a duk kasuwar nan, kuma fuskar Inna ce ta tsaya min a ido, da kwanon nan a rufe. Na ji kamar in taka shi in juya. Amma rantsuwa na yi masa, kuma a kanta ya fito daga ɗaki. Na ɗage ƙafata kowa ya gani.

Na miƙa hannu zan ɗauki gyaɗar, Yaya ya riga ni. Ya ɓare ta da kansa ya jefa a baki, ya kwantar da notin a gefensa.

"Malam, ka gama?"

"Na gama."

"To buɗe."

Malam ya buɗe ido, ya ce ya saki wuta. Na tashi tsaye na kwatanta ta da duk bakin da Allah ya ba ni, yadda ta sauko ta cika mashigar ta lashe kurayen har na bayan dutse. Kasuwa ta ɗauki ihu, mai shayi na tsalle yana cewa da shi aka yi. Yaya bai yi ihu ba. Yana kallon layin gawayin da na zana a matsayin kogi.

"Sun haye duka?" ya tambaye ni.

"Duka, Yaya."

"Har na ƙarshen? Ba a bar kowa a baya ba?"

"Ba a bar kowa ba."

Ya cire hularsa ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na motsi. Malam ya dafa shi, ni kuwa na juya ina gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Muka koma gida kafin la'asar ta wuce, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Na ce shi ke nan, na kashe masa jarumi na mayar da shi inda na ɗauko shi.

Da safe na zo ƙwanƙwasawa na tarar da ƙofar a buɗe, ɗaki wayam. Inna ta leƙo daga madafi ta ce tun bayan sallah ya fita, kuma sai da ya ce a ƙara masa koko. Na kama hanyar kasuwa har ina haɗawa da gudu.

Tun daga bakin layi na ji muryarsa, yana yi wa mai shayi tsiya a kan hawa bishiya. Ya share rumfar, ya baje kwali, ya sayo gyaɗa ya kasa wa kowa tasa. Notin na tsaye a tsakiya.

"Ka makara," ya ce da ni. "Wai jarumin nan na jiya, ba shi da ƙane ne?"

Na ce yana da shi. Na zauna na ɗauki gawayi na fara zana masa hanya.